Asibitin Da Na Yi Ƙuruciyata A Cikinsa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa labarin wata tafiya da na yi zuwa ƙasar Jos cikin watan Disamba na 2024, sa'ad da na sami hutu daga ofis.

Na tashi daga Zariya da sassafe, muka bi ta Pambeguwa da Saminaka, tafiyar mil wajen 150. Da mota ta fara hawan duwatsu sai na ji sanyin nan da na sani tun ina yaro, gama Jos bisa tudu take, tsawonsa ƙafa wajen 4,000 daga bakin teku. Ga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari nan da can. Amma ba kallon ƙasa ya kai ni ba. Wani asibitin 'yan mishan na nufa, wanda Sistoci ke riƙe da shi, watau matan nan da suka bar aure da dukiya suka ba da ransu ga ibada da jinyar marasa lafiya.

Dalili kuwa, an haife ni da amosanin jini, wanda yanzu ake kira sikila. Yayyena biyu sun rasu tun suna goye, har mutanen unguwa suka ce uwata wabi take yi. A 1997, ina ɗan shekara 7, aka fara kwantar da ni a ɗakin yara na asibitin nan. Daga nan har 2003 ba hunturun da ya wuce ban kwanta ba, wani lokaci mako 3, wani lokaci wata 2 cur.

Ɗakin dogo ne, gadajen ƙarfe jere gabas da yamma. Da asuba a kaɗa ƙararrawa, Sistoci su tafi addu'a, iyayenmu mata Musulmi kuwa su shimfiɗa tabarmi a baranda su yi salla, ba mai ce wa wani kanzil. Akwai wata tsohuwar Sista 'yar ƙasar Ailan, tana jin Hausa amma harshenta bai faɗa ba. Kullum tana yawo da buta da kofi, in ta tsaya kanka sai ka shanye, ko kana kuka. Mun ƙi jininta saboda wannan. In ciwo ya lafa sai ta ɗauko allo da alli ta koya mana karatu da lissafi. A gadon nan na koyi rubutun da nake cin abinci da shi yau.

Gadon da ke kusa da nawa na wani yaro Bafillace ne daga wajen Barikin Ladi, ciwonmu ɗaya. Shi ya koya mini ƙirga da Fillanci, ni kuwa na koya masa baƙaƙen boko. Wani dare cikin 1999 na farka na ga an kewaye gadonsa da labule, tsohuwar nan tana riƙe da hannun uwarsa. Da gari ya waye an sāke zanen gadon. Ba a gaya mini kome ba, ni ma ban tambaya ba.

Da na koma bana, na tarar ɗakin yana nan, sai dai ya ƙanƙance a idona. Sistocin duk 'yan ƙasarmu ne yanzu. Tsohuwar, aka ce, ta koma gida ta rasu can. Na leƙa na ga wani yaro a gadona yana juyi, uwarsa na matsa masa ƙafafu, daidai yadda tawa take yi. Na fita na zauna gindin mangwaro har na sami kaina.

To, ya ku 'yan'uwa masu karatu, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wannan ciwo ba wabi ba ne, ba kuwa sammu ba. Wani likitan Amurka, Herrick, shi ya fara bayyana shi a littattafan likitoci a 1910. Ƙwayar jinin mai lafiya kewayayya ce, tana yin kwana wajen 120. Ta mai sikila kuwa takan lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne azabar da muke ji a ƙashi, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Sanyi da ƙishirwa da zazzaɓin sauro ke ta da shi. Ashe butar tsohuwar nan magani ce, mu ne ba mu sani ba.

Gadonsa ake yi daga uwa da uba duka biyu. In miji da mata kowanne jininsa AS ne, su kansu lafiya lau, amma kowane ciki akwai kashi 1 cikin 4 ɗan ya zo da SS. Awon jinin kuwa ba wuya, ɗan ɗigo kaɗai ake ɗiba. Iyayena ba su sani ba, ba ni ganin laifinsu. Mu kuwa mun sani. Ni ban kai kuɗin aure ba sai da aka auna yarinyar aka ga AA ce, ga 'ya'yanmu biyu ba wanda ya taɓa kwana asibiti.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar awon jini kafin aure. Madalla. Amma doka ba ta shiga zaure sai mutane sun shigar da ita. Saboda haka ina roƙon malamai masu ɗaurin aure, da limaman coci, da waliyyai, ku tambayi takardar awo tun kafin a sa rana, kada a bari sai an raba goro. Malaman makaranta kuma ku gaya wa almajiranku. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya saka wa matan nan da alheri, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.