Wadar Zuci Ba Ragwanci Ba Ce

Akwai lissafin da ba a koyarwa a aji, amma duk ɗalibin makarantar nan ya haddace shi: sifili-ɗaya-sifili. Ba karin kumallo, a ci da rana, a kwana da ruwa. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, komai kuma ya bi ta: kuɗin Adaidaita Sahu, kwanon garin kwaki, hatta fotokofin handawut.

Ni ɗan manomi ne daga ƙasar Sumaila, Kirista, ina haya a ɗan ƙaramin ɗaki kusa da Ƙofar Dukawuya. Abin da Baba ke turo mini ya dogara ne ga damina, damina kuwa ta dogara ga taki, takin ma ya fi ƙarfin talaka. Akwai semistar da na zauna na lissafa kuɗin rajista da na haya, na ga ba ta yadda za su haɗu. Wani abokina ya ce in jingine karatun kawai, wani kuma ya nuna mini cacar ƙwallo a waya, wai "da ɗari biyu sai ka tashi da dubu hamsin." Gaskiya, ranar zuciyata ta yi nauyi.

Abin da ya tsayar da ni shi ne wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Filibiyawa, sura ta 4, wadda muka yi nazari a zumuntar ɗalibai. Mutumin nan yana ɗaure a kurkuku ya rubuta ta, duk da haka ya bayyana cewa ya san zaman ƙoshi, ya san na yunwa, kuma wadar zuci koyonta ya yi. Wannan kalma ta koyo ita ta kama ni. Ashe ba a haihuwar mutum da ita, sannu a hankali ake samunta, kamar yadda muke fama da kwas mai wuya har ya zauna.

Sai dai kada a fahimce ni a baibai. Bulus ɗin nan sana'ar ɗinkin tanti yake yi don ya ci da kansa, kuma a cikin wasiƙar ya gode wa mutanen Filibi kan gudummawar da suka aika masa. Ke nan mai wadar zuci yana aiki, kuma ba ya jin kunyar karɓar taimako. Abin da ba ya yi shi ne auna rayuwarsa da wayar da ke hannun wani, ko sayar da mutuncinsa don ya kamo shi.

Da wannan na miƙe. Na fara koya wa yaran unguwa lissafi da yamma, ana ba ni ɗan abin da ya samu. Ranar Lahadi, in ba kuɗin zuwa sujada a Sabon Gari, mukan haɗu mu uku mu yi addu'a a ɗaki. Kuɗin rajista kuwa, da baikon 'yan zumunta da abin da na tara aka cike shi.

Darasi mafi girma a Dukawuya na same shi, wurin maƙwabtana Musulmi. A watan Agusta na 2024, da aka sa dokar hana fita a Kano bayan zanga-zangar matsin rayuwa, ko ƙwayar shinkafa babu a ɗakina. Hajiyar gidanmu ta aiko jikanta da kwanon ɗanwake, ta leƙo ta ce, "Ɗana, ci ka ƙoshi, Wanda ya tsaga bakin ba zai hana shi abinci ba." Na ce, "Na gode, Mama." Ita ma fa ba wadata gare ta ba. Su ƙana'a suke kiran abin, mu wadar zuci, amma alamarsa ɗaya ce: hannun mai shi ba ya ƙanƙame abin da ke ciki.

'Yan'uwana ɗalibai, ba na cewa mu yi shiru kan tsadar rayuwa. Mu nemi haƙƙinmu ta hanyar ƙungiyarmu, mu nemi bashin karatu na NELFUND in mun cancanta. Amma kafin sauƙi ya zo, kada yunwa ta zaɓa mana hanya. Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa. In ka dafa garau-garau yau, ka ƙwanƙwasa ƙofar na kusa da kai. Mai yiwuwa shi nasa lissafin sifili-sifili-sifili ne, kunya ce ta hana shi faɗa.