Bobo-Julaso: hirar masu dafa dolo a tsohon gari

Matafiyin da ya bar Yamai ya nufi yamma, in ya wuce Wagadugu da kamar kilomita 360, sai ya iske Bobo-Julaso, birni na biyu a Burkina Faso. Ƴan kasuwa sun san garin da auduga da mangwaro da tashar jirgin ƙasan Abijan, wanda ya iso nan a 1934. Amma bayan tsohon masallacin laka, a unguwar Julasoba, inda rafin Huwe ke ratsawa, akwai wata sana'a da ba ta da rumfa a babbar kasuwa: dafa giyar dawa, wadda mutanen garin ke kira dolo, Hausawa kuwa burkutu.

Sana'ar mata ce, ɗiya ta kan gada wurin uwarta. Jar dawa ake jiƙawa, a shimfiɗa ta, a riƙa yayyafa mata ruwa kamar kwana 3 har ta yi tsiro, sa'annan a shanya a rana a niƙa. A dama garin da ruwa, a zuba masa yauƙin karan kuɓewa don ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a dafa na ƙasa, a sake haɗa su. Ya kwana ya yi ɗan tsami, a tace, a mai da shi wuta ya yi ta tafasa awoyi da dama. In ya huce a sa masa busasshen yis na dafuwar da ta gabata. Washegari ya tashi.

Kowace mai dafawa tana da ranakunta a mako, shi ya sa wadda ba ta ɗora tukunya ba takan leƙa gidan maƙwabciyarta. Ba a sayar wa kowa sai an ba shi ɗanɗano a ƙwarya, kuma nan hira ke farawa. Wannan ta ce tsamin ya yi yawa, an bar shi ya wuce lokaci; waccan ta ce laifin dawa ne, ta bara ce, ba ta tsira da kyau ba. Tsofaffi suna kare tukunyar ƙasa, matasa sun fi son ta alminiyon don ba ta fashewa. Kowa dai na gidansu ya fi.

In aka saurara da kyau, rabin hirar lissafi ne. Dolo ba ya ajiyuwa: yis bai daina aiki ba, abin da ba a sayar yau ba gobe ya zama tsami. Mai kantin giyar kwalba ta Brakina yana iya rufe ƙofa mako guda. Mai dolo kuwa ruwan sama na yini ɗaya ko rasuwa a unguwa sun isa su cinye mata jari. Ga itace, wanda tafasar ke ci kamar ba gobe, kuma kullum daga nesa masu amalanke ke kawo shi. Wasu sun gina murhun da ke rufe gindin tukwane don rage asarar wuta. Ga kuma dawa: tun 2015 rashin tsaro ya kori manoma da yawa daga gonakinsu, musamman a arewa da gabashin ƙasar, kuma duk tashin farashin buhu mai dafawa ce ke fara jin sa, don mashayi bai yarda a taɓa kuɗin ƙwarya ba. Har dusar ba a zubarwa, masu kiwon aladu ke saye.

Da yamma a Bolomakote, unguwar da ƙungiyar makaɗa ta Farafina ta fito, masu balafon kan zauna a tsakar gidajen dolo, maza bisa benci, mai gida kusa da randa tana ƙirga ƙore. Kafin kiɗan ya tashi, wata dawar tana jiƙe a bayan ɗaki.