Kwarashi Ɗaya, Zare Biyu

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san allura da zare ba baƙi ba ne a gidajenmu. Maza na zaure suna aikin babbar riga, aska biyu ko aska takwas, mata na cikin gida suna nasu. Ni kam rabona a saƙa yake, wurin Goggona ta Ƙofar Doka na koya a hutun ƙarshen aji 1. Bana da nake ajin ƙarshe, da kuɗin hulunan jarirai na biya bugun furojet ɗina. Ko ƙala ban ce wa Baba ba, don na san fanshonsa ba ya kai ƙarshen wata.

Tun da ƙawaye suka ji haka, tambayarsu ɗaya ce: nawa ne jarin? 'Yar uwa, wallahi bai taka kara ya karya ba. Ki nemi kwarashi na ƙarfe mai lamba 3 ko 4, don na roba lanƙwashewa yake. Ki sayi zaren ulu dunƙule 2, amma mai haske, kamar fari ko ruwan ƙwai. Baƙin zare ɓoye idon saƙa yake yi, balle ga mai aiki da fitilar waya in an ɗauke wuta. Sai almakashi, da tef irin na tela, da allura mai faɗin kafa ta ɓoye bakin zare. Ki haɗa da leda ko gwangwani mai murfi saboda ƙura. Duk akwai su a kasuwar Sabon Gari. Saƙar tsinke biyu da ta inji kuwa, ki bari sai hannu ya faɗa.

Farko sarƙa za ki yi ta yi kina warwarewa, har jan zarenki ya daidaita. Daga nan sai ƙyalle mai kusurwa huɗu, sannan hula, sannan safa. YouTube na taimakawa, amma ba zai riƙe yatsanki ba. Ranar da na soma, Goggo ta dube ni ta ce, "'Yar nan, saki zaren mana, ai ba guduwa zai yi ba." Yanzu idonta ya yi rauni, ni ce mai zura mata allura, kuma cikin jikokinta kaf babu mai sha'awar karɓar abin da ke kanta. Irinta suna nan da yawa a lungunan birni, daga Ƙofar Gayan har Ƙofar Kuyambana, gaisuwa da ɗan goro sun isa su zaunar da ke.

Saura lokaci. Kasuwar saƙa ta hunturu ce, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da kowace mai jego ke neman abin rufe kan ɗanta, masu zuwa suna kuma na neman abin riƙewa a hannu. Wadda ta jira sai sanyi ya shigo ta makara. Da damina ake koyo, ana tarawa.

Mu 'yan ND 2 mun san abin da ke gabanmu: shekara guda ta sanin makamar aiki kafin HND, kuma ba kowane wuri ne ke ba da ko kuɗin mota ba. Ban ce saƙa za ta gina miki gida ba, amma za ta raba ki da "Baba, a taimaka da na data." Ki sayi kwarashinki kafin mu rubuta jarrabawar ƙarshe.