Karen Bana da zomon bana

A ƙasar Bana, cikin gundumar Gaya, bisa ba ta cika yin ɓatan dabo ba. Idan akuya ta kwana ba ta shigo gida ba, kafin hantsi mai ita ya kai cigiya wurin mai gari, mai shela ya zagaya unguwa-unguwa, ranar kasuwa kuma a shaida wa dillalai da mahauta kamanninta: ja ce, mai farin goshi, an tsaga kunnenta na hagu. Saniya kuwa tana ɗauke da shaidar gidansu a jikinta, ko lalas ko yankan kunne, wadda rugga da garso za su duba sau ɗaya su faɗi garken da ta fito. Wanda ya tsinci jaki a gonarsa ya san inda zai kai shi: ƙofar mai gari, a ɗaure shi, a ba shi ruwa da harawa har mai shi ya zo da shaidu.

Hukuma ma ba ta bar wannan al'amari ga al'ada kaɗai ba. Akwai dokar gwamnati ta shekarar 2006 wadda ta tsara yadda ake tsare bisashen da aka samu suna gantali, sannan dokar kiwo ta ranar 20 ga watan Mayu 2010 ta ƙara jaddada ta. Wurin tsarewar shi ne takardun gwamnati ke kira «fourrière», wato shingen hukuma. Ana rubuta bisar, a yi shela, a jira mai ita wani adadin kwanaki. In ya zo ya biya kuɗin tsaro da na abinci ya tafi da abinsa, in bai zo ba a yi gwanjonta. Ke nan, daga raƙumi har ɗan akuya, kowace bisa tana da hanyar komawa gida.

Bisa guda ce ba ta da wannan hanya, ita ce kare. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Saniya dukiya ce, ana iya ƙiyasta ta da jikkuna, ana iya gwanjonta a mayar da kuɗin ciyawar da ta ci. Kare ba ya shiga rabon gado, ba a biyan sadaki da shi, ba a yin layya da shi, dillali ba ya samun la'ada a kansa. Dattijon da zai tsaya bainar jama'a yana cigiyar kare ya san da dariya za a tarbe shi. To amma a tambayi mai lambun rake ko na rogo a fadamun dallol, wane ne ke kwana a waje sa'ad da shi yake barci? A tambayi makiyayin da ke kwana cikin daji da garkensa, ko mafarauci, ko matar da mijinta ya tafi cin rani ya bar ta da ƴaƴa a gidan zana. Dukansu sun san amfanin haushi cikin dare. Aikin kare na bayyane ne, darajarsa ce ake jin kunyar faɗi.

Ƙasar nan kuwa ƙasa ce da kare ke saurin ɓata. Bana na zaune tsakanin iyakoki biyu: gabas ga Kamba ta Nijeriya, kudu ga Gaya da kogi, a ƙetarensa Malanbil ta Benin. Amalanke na fita kasuwa kare ya bi ta, cinkoson jama'a ya raba su. Bayan kaka mafarauta su shiga kurmin giginya, kare ya bi zomo ya yi nisa, magariba ta yi ba a gan shi ba. Garken da ke gangarawa kudu da rani ya tashi da asuba ya bar kwikwiyo a mashekari. Lokacin barbara karnuka su bi karya daga wannan gari zuwa wancan. Akwai kuma masu fataucin karnuka da ke tara su suna kaiwa kasuwannin kudu, irin kasuwar Dawaki ta jihar Filato, kuma ba kowane karen da ya shiga kejinsu ne aka sayo daga hannun mai shi ba. A shekarar 2023, lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, manyan motoci sun yi jerin gwano suna jira, mutane suka koma ga jiragen ruwa. Ga tudu kuwa, ta wajen Nijeriya, babu ranar da kare ya taɓa tsayawa a duwan.

Abin da ke samun karen da ya ɓata, labarin wani mai lambu na wajen Bana ya isa misali. Yana da baƙin kare, Duna, shekara biyar suna tare, kuma tun da ya same shi biri bai ƙara karya masa rake ba. Wata ranar kasuwa karen ya bi amalanken ɗansa, da yamma amalanke ta dawo ba shi. Mai lambu ya kwana biyu yana zuba ido, a na uku ya cire kunya ya tafi ƙofar mai gari.

«Ranka shi daɗe, cigiya na kawo.»

«Ta me, Malam? Sa ko jaki?»

«Kare ne, ranka shi daɗe.»

Fadawa suka yi murmushi, mai gari ya ce Allah shi bayyana, magana ta ƙare nan. Ba rowar taimako ya yi ba, babu dai wurin da zai aika da irin wannan cigiya.

Shi kuwa Duna yana can wani ƙauye mai tazarar tafiyar rabin yini, ya rame, ya ƙanƙame wutsiya, yana raɓe bayan rumbuna. Yara suka gan shi suka bi shi da jifa, suka rutsa shi a lungu, ya ga ba mafita ya ciji wani yaro a ƙwauri. Nan take aka ɗauki kururuwa: mahaukacin kare! Kafin la'asar samari sun kashe shi da sanduna sun jefa gawar a rami. Da mahaifin yaron ya kai shi gidan likita, tambayar farko da malamin ya yi ita ce: «Baba, ina karen? Na wane ne?» Babu amsa. Aka tura su babban gari neman allura, aka sayar da tunkiya, aka yi ta kai da kawo bisa kabu-kabu, uwar yaro ta yi wata da watanni ba ta barcin kirki, ko tari ya yi sai gabanta ya faɗi. Sai bayan mako biyu, a wata kasuwa, labarin baƙin karen da aka kashe ya iske mai lambu. Gida biyu suka yi hasara: ɗaya ya rasa mai gadinsa, ɗaya ya rasa shaidar da za ta kwantar masa da hankali.

Mai karatu kada shi ga laifin tsoron mutanen ƙauyen nan, domin tsoro ne mai dalili. Ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana ga mutum, sai dai a yi haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan dubu 59 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan dukansu ta cizon kare suka same shi, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ciwon kan yi kwance cikin jiki wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Maganin kuwa an san shi tun 1885, shekarar da Luwi Pastor ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allura a Paris ya tsira. Abin yi shi ne a wanke ciwon da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, a garzaya gidan likita a fara allura ba tare da jiran komi ba.

Sai dai akwai wani sani da bai yaɗu ba kamar yadda tsoron ya yaɗu. Karen da ke da wannan ciwo har ya kai ga zuba shi cikin yawunsa ba ya daɗewa: cikin kwana goma zai nuna alama, ya riƙa dalala, muryarsa ta canza, ya ciji duk abin da ya tarar, ƙafafunsa su mutu, shi ma ya bi. Saboda haka idan aka ɗaure karen da ya yi cizo aka sa masa ido, kwana goma suka cika yana ci yana sha lafiya lau, likita na iya tsayar da sauran allurar, iyaye su sami barci. In kuwa an kashe shi, ba abin da ya rage sai a kai kansa a auna a babban ɗakin binciken bisashe na Yamai, tafiyar kusan kilomita 300, abin da ba kasafai mutumin ƙauye ke iya yi ba. Ke nan rayayyen kare mai ubangiji shaida ne, mataccen kare marar ubangiji kuwa zullumi ne. Wa zai ɗaure kare kwana goma ya ciyar da shi in ba mai shi ba? Wa ya san ko an taɓa yi masa rigakafi in ba mai shi ba? Nan ne mayar da kare ga mai shi ya tashi daga zancen tausayin bisa ya zama zancen lafiyar ƴaƴan jama'a.

Kisan kan mai uwa da wabi, da sanda ko da naman da aka barbaɗa wa guba, ba ya raba gari da ciwon. Karnukan gida masu lafiya su ne ke fara cin naman domin sun saba da hannun mutum, ungulu ta ci gawarsu ita ma ta faɗi, bayan ƴan watanni wasu karnuka daga waje su cike gurbin. Masana sun daidaita a kan cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, ciwon kan rasa hanyar yaɗuwa.

A ƙasashen Turai an daɗe da tsara wannan. A Faransa dole ne kare shi kasance da lamba, ko ta zane a kunne ko ta ɗan ƙanƙanin maɓalli da ake sawa ƙarƙashin fata, kuma shingen hukuma kan tsare shi kwana takwas na aiki ana neman mai shi. Ingila ta wajabta wannan maɓalli a 2016. Ba wanda zai ce ƙaramar hukumar Bana ta sayo irin waɗannan na'urori alhali ana neman kuɗin rijiya da na azuzuwan makaranta. Misalin da ya fi kusa shi ne na Njamena. A 2012 da 2013 hukumomin Cadi, tare da masu bincike na ƙasar Suwis, sun bi birnin unguwa-unguwa suna yi wa karnuka allura kyauta, wajen dubu 18 a shekarar farko, fiye da dubu 20 a ta biyu, kowane kuma a ɗaura masa abin wuya. Ciwon ya ɗauke na tsawon watanni, bai dawo ba sai ta hanyar karnukan da suka shigo daga wajen birni. Darasi biyu ke nan ga mutanen bakin iyaka: abin yana yiwuwa da kayan aiki kaɗan, kuma gari guda ba ya yin sa shi kaɗai.

Wani zai ce ai kare ƙazanta ne, bai kamata musulmi shi ɓata lokacinsa a kansa ba. To a koma ga Risala, littafin da almajiran ƙasar nan ke karantawa tun kaka da kakanni. Mai ita, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ya hana ajiye kare cikin gida haka kawai, amma ya halatta shi domin gona da garke da farautar neman abinci, ya kuma ce wanda ya kashe irin wannan kare sai ya biya ƙimarsa. Abin da shari'a ta sa wa ƙima, dukiya ce, tsintuwarsa kuwa tana da haƙƙin cigiya. Hadisin mutumin da aka gafarta wa domin ya shayar da kare mai ƙishirwa ba baƙo ba ne ga kowane mai zuwa wa'azi.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Kowace shekara malaman bisashe na zagayawa suna yi wa shanu da awaki da tumaki da raƙuma rigakafi. Ranar da suka sauka gari, a kawo karnuka su ma. Wanda aka yi wa allura a ɗaura masa abin wuya, ko na fata ne da baduku zai yanka, a rubuta sunan garin da lamba. Mai gari shi ajiye littafi guda: lamba kaza, karen gidan wane, baƙi ne ko ja. A gefen shingen hukuma a keɓe ɗan wuri mai inuwa da turke, inda za a ɗaure baƙon kare ko wanda ya yi cizo, ƙarƙashin idon malamin bisashe, ba a hannun yara ba. Gidajen rediyon Gaya da ke karanta cigiyar shanu su karanta ta kare ba tare da raha ba, salular da ke ɗaukar hoton rago ta ɗauki nasa. Sarakunan bakin iyaka kuwa, waɗanda tun asali dangin juna ne kuma suke aika wa juna cigiyar saniya, su ƙara wannan cikin saƙonsu. Malaman makaranta su koya wa yara cewa karen da ya ƙanƙame wutsiya yana gudun mutane ba a jifarsa, ba a kuma taɓa shi. Babba ake kira.

Ga masu karnuka ma akwai magana. Wanda ya ɗauko kwikwiyo da damina don gadin gona, kaka ta yi ya kore shi, shi ne ya fara ƙera karen da ba shi da ubangiji. Hausawa sun ce tsintacciyar mage ba ta mage. Haka nan karen da aka yasar ba ya komawa gadin kowa, sai bin juji da mahauta.

Sun kuma ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Zomon wannan zamani ya san hanyar kasuwa, ya san ta iyaka, ba ya kuma tambayar ɗan wa zai kama. Abin wuya, da littafin mai gari, da turke a inuwa, su ne za su raba karen da ya ɓata da karen da ya haukace kafin a ɗaga sanda. Allah shi ba shugabanni ikon dubawa, shi kuma kiyaye ƴaƴan jama'a.