Yatsu Biyu a Wuyan Hannu

Har yau in ina zaune cikin mutane sai in tsinci yatsuna biyu a kan wuyan hannuna na hagu, ina ƙirge a zuci. Ban san lokacin da suke zuwa wurin ba. Ɗabi'a ce da na taho da ita daga Sudan.

Daga Kano na tafi karatu Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Kartum. Duk Alhamis da yamma nakan ƙetare gadar Farin Nilu zuwa Umdurman, gidan wata dattijuwa da muke da zumunci na nesa, wadda nake kira Goggo. Kakanninta na cikin mutanen da suka yi gabas da ƙafa bayan yaƙin Burmi na 1903, da niyyar Makka, Allah Ya zaunar da su a hanya. A tsakar gidanta abin ya fara kama ni, bayan na sha gahawar jabana kofi biyu. Sai na ji ƙirjina kamar an jefa kifi mai rai a cikin kwano.

A wani ƙaramin asibiti aka yi mini awon bugun zuciya, daga baya aka yi hoto. Likitan ya kira ciwon da Larabci, rajafan, wato kyarma. Ya ce ɗakunan zuciya na sama sun daina matsawa a kan tsari, rawa kawai suke yi, na ƙasa kuma suna binsu a hargitse. Mai lafiya a zaune zuciyarsa kan buga sau 60 zuwa 100 a minti, tawa ta haura 140. Tushen abin ciwon maƙogwaro ne na yarinta da ba a yi wa magani ba, ya bi ya ƙuntata ɗaya daga ƙofofin zuciya. Sannan ya faɗi maganar da ta hana ni barci wata da watanni: jini kan kwanta a ɗakin da ke kyarma ya yi guda, in gudan ya tafi ƙwaƙwalwa sai shanyewar ɓarin jiki. Ya rubuta wafarin don tsinka jini da wani na rage gudun bugun, ya kira na gaba. Bai yi ƙarya ba, bai kuma tambaye ni yadda zan kwana da wannan labari ba.

Ta fuskar jiki na yi sa'a. A Soba, kudu da Kartum, akwai cibiyar Salam ta tiyatar zuciya, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, kuma kyauta take aiki. Can nake zuwa awon jini, a duba ko lambar tana tsakanin 2 da 3. Lambobina suna kyau. Ni ne ba na kyau.

Mu Hausawa muna cewa gabana ya faɗi idan mun tsorata. To mai irin ciwona bai san wane ne ya fara ba. Tsoro ne ya tayar da bugun, ko bugun ne ya kawo tsoron? Kowanne yana hura wa ɗan'uwansa wuta. Na daina ƙwallo, na daina hawa bene da sauri, na daina zuwa Hamad al-Nil ranar Juma'a kallon zikirin 'yan Ƙadiriyya, don ganguna na sa in kasa jin ƙirjina. A sujada ma ina sauraro. Da dare in kwanta a ɓarin dama, in ɗaga hannuwana duka biyu in ga ko ɗaya ya yi nauyi, in faɗi sunana a hankali in ji ko harshena ya karye. Jarrabawa biyu na faɗi a zangon nan.

Abokaina ba su rage ni da komai ba sai fahimta. Wani ya ce rashin tawakkali ne, namiji da tsoron mutuwa. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ya ƙara mini kaya ne: ga ciwo, ga tsoro, ga kuma zargin kaina cewa imanina ya yi rauni. Daga ranar na yi shiru da bakina.

Goggo ce ta kama ni. Muna cin kisra ta ture yatsuna daga hannuna ta ce, "Ɗan nan, likitocin can sun duba zuciyar nama. Ɗayar fa, wa ya duba?" Ta ce in je Tijani al-Mahi. Na yi tsalle na dire, don a Umdurman ambaton sunan nan kamar a ce da mutumin Kano a kai shi Dawanau ne. Ta ce to, ai mahaukaci ba ya ƙirga bugunsa, ni gajiya ce ta ci ni.

Sai daga baya na san wane ne mai sunan. Shi ne likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, ya rasu a 1970, kuma an san shi da zama da shehunnan ɗariƙa da masu maganin gargajiya yana koyo, maimakon ya raina su. Wannan ya rage mini kunya. Matar da na gani a can ba ta ce mini ba komai ba. Ta ce fargaba da ciwon damuwa sun zama ruwan dare ga masu wannan ciwo, kuma ana maganinsu. Ta rubuta mini alamomin da ke wajabta gudu asibiti: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar magana, ciwon ƙirji, suma, jinin da ya ƙi tsayawa. Duk abin da ba ya cikin takardar, in zauna in ja numfashi a hankali. Ƙirge kuma sau biyu a rana, safe da dare. Na ƙarshen nan ya fi azumin bazara wuya, amma cikin wata uku na fara barci har asuba.

Sai ga 15 ga Afrilu, 2023, cikin watan azumi. Ranar kowa a Kartum gabansa ya faɗi. Abin mamaki, a makonnin nan tsoron da na sani ya yi ƙasa, wani ya hau kansa: ƙwayoyin wafarin 19 suka rage mini, kuma babu inda zan auna jini. A motar da ta kwashe mu ɗalibai zuwa iyakar Masar, da kwanakin da muka yi a rana muna jiran a buɗe, takardar matar nan tana aljihun gaba na rigata. Na karanta ta har ta yage a wurin ninki. Goggo ta ƙi fita sai da unguwar ta watse, sannan ta tafi wurin danginta a Mai Wurno.

Yanzu a Kano nake awon jinina. Ba zan ce na warke ba, akwai dararen da kifin kan farka ni ma in farka tare da shi. Watan jiya a layin ganin likita na lura da wata yarinya kusa da ni, ba za ta wuce shekara ashirin ba, yatsunta biyu a wuyan hannu, leɓenta na motsi. Na daɗe ina shawara da kaina kafin na ce, "Ƙanwata, kina samun barci kuwa?" Ta dube ni, ta dubi mahaifiyarta, ta sauke murya ta ce, "Yaya, wa ya gaya maka?"