Lahadi a Katar

'Yan'uwa, da yawanmu da muka karanci koyarwa muna ta aika takardu zuwa makarantun kuɗi na Katar. Albashi muke fara tambaya, sai gida da kuɗin jirgi. Maganar Lahadi kuwa ba mu cika tada ta ba. A can, makon makaranta daga Lahadi yake zuwa Alhamis, wato sa'ad da iyayenmu suke waƙar yabo a majami'a, mu muna gaban allo. Majami'un Doha, da aka tara waje ɗaya a Mesaimeer, ranar Juma'a suka fi cika. Ba a hana sujada a wurin ba, amma motar zuwa da ikkilisiyar da za ta karɓe mu, gara mu nemo su kafin mu sa hannu a kwantiragi.