Akwatin katako ya cinye mini sojojin Cromwell

Na daɗe ina tara 'yan mutum-mutumin sojoji na dalma, irin waɗanda ake jerawa a kan tebur a sake buga yaƙin basasar Ingila da ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisa. Waɗanda na fi ji da su tsofaffin ƙirar kamfanonin Hinchliffe da Minifigs ne na shekarun 1970, masu tsayin kusan milimita 25: masu dogon mashi, masu bindigar lagwani, da mahayan Cromwell na ɓangaren majalisa da suka ci nasara a Naseby a 1645.

Da suka yi yawa sai na nema musu ma'aji na alfarma. Na sa aka ƙera mini akwatin katakon oak mai murfin da iska ba ta ratsawa. Tarihi ne ya ja ni, domin a kan irin wannan itacen Charles na Biyu ya ɓuya a Boscobel bayan ya sha kashi a Worcester a 1651. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya ce mini kada in haɗa dalma da wannan katako. Na ji, amma ban ɗauka ba.

Ranar da na buɗe bayan dogon lokaci, farin gari ya lulluɓe sojojin da ba a yi wa fenti ba. Ƙafafun dawakai sun ruɓe, fuskoki sun shafe, wasu ina taɓawa suna marmashewa a hannuna. Oak yana fitar da tururin asid mai tsami. Idan ya haɗu da laima a rufaffen wuri sai ya ci dalma, ya mai da ita gari. Masu kula da gidajen tarihi sun daɗe da sanin haka. Laifina ne, kuma ya yi mini ciwo, domin wasunsu hannun wani ne ya fara kula da su shekaru da dama kafin su zo gare ni.

Waɗanda fenti ya rufe sosai sun tsira. Na ware waɗanda suka lalace, na mai da sauran cikin akwatunan roba a busasshen wuri mai shan iska.

Idan kana da tsofaffin sojojin dalma a akwatin katako, ka buɗe ka duba yau. In ka ga farin garin nan, guba ne: ka nisanta shi da yara, kuma ka wanke hannu bayan ka taɓa.